Sharaɗin raba gardama na dole a Amurka: me mutum yake rasawa idan ya amince da shi?

Tambaya: Wani ɗan'uwa mazaunin birnin New York ya rubuto cewa bankin da ya ba shi katin bashi ya aiko masa da takarda, ana sanar da shi cewa daga yanzu duk taƙaddamar da ta shiga tsakaninsu ba za ta je kotu ba, sai gaban mai raba gardama, kuma ba zai shiga ƙarar da jama'a suka haɗu suka shigar a kan bankin ba. An ba shi 'yan makonni ya rubuto idan bai yarda ba. Ya ce ya ga irin wannan sharaɗi a yarjejeniyar manhajar da yake sayen hannun jari da ita. Yana tambaya ko wannan ba shi ne sulhun da addini da al'ada suka yaba ba, kuma ko akwai dalilin da zai sa ya wahalar da kansa da rubuta wasiƙa.

Amsa: Malam, ka rubuta wasiƙar ƙin amincewa, ka aika da ita kafin wa'adin ya cika. Ba za ka yi asarar komai ba idan ka yi haka, domin ranar da gardama ta taso, in kai da bankin kun ga cewa zuwa gaban mai raba gardama ya fi muku sauƙi, ƙofar tana nan buɗe. Idan kuwa ka yi shiru, dokar Amurka za ta ɗauki shirunka da ci gaba da amfani da katin a matsayin yarda, kuma abin da ka sarayar ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake yau ba ka jin nauyinsa.

Bari in fara da kalmar sulhu, domin a nan ne yawancin mutanenmu suke ruɗewa. A sulhu, dattijon da ya shiga tsakani shawara yake bayarwa, kuma wanda bai gamsu ba yana da ikon ya tashi ya nufi gaban alƙali. Abin da takardar bankinka take magana a kai ya fi kusa da abin da malaman fiƙihu suke kira tahkimi, wato mutum biyu su ɗora wani a kan gardamarsu, su yarda cewa hukuncinsa ya hau kansu. To amma shi tahkimi, asalinsa shi ne ɓangarorin biyu su zaɓi mutumin da ransu ya kwanta da shi, alhali sun san abin da suke jayayya a kai. A takardar da ke hannunka, ɓangare ɗaya ne ya rubuta sharuɗɗan, shi ya zaɓi cibiyar da za ta samar da mai hukuncin, kuma ana neman yardarka tun kafin ka san irin cutar da za a iya yi maka. Hukuncin da za a yanke kuma kusan ba shi da ɗaukaka ƙara. Dokar tarayya ta ba kotu damar rushe shi ne a 'yan wurare ƙalilan, kamar idan an same shi ta hanyar cin hanci ko zamba, ko mai hukuncin ya nuna son kai ƙarara, ko ya wuce iyakar ikon da aka ba shi. Idan kuskure kawai ya yi wajen fahimtar doka, hukuncin yana nan daram.

Duk da haka, ba wannan ne ya fi damuna a takardar ba. Jimla ta biyu, wadda ta hana ka haɗuwa da sauran jama'a, ita ce zuciyar al'amarin. Irin wannan ƙara ni ina kiranta ƙarar gayya, domin kamar aikin gayya take: mutum ɗaya ko 'yan kaɗan su tsaya a kotu a madadin dubbai ko miliyoyin da aka yi wa cuta iri ɗaya, lauyoyi su ɗauki nauyin shari'ar da aljihunsu, in an ci su karɓi rabonsu daga abin da aka samu da amincewar alƙali. Tun gyaran da aka yi wa ƙa'ida ta 23 ta kotunan tarayya a 1966, duk wanda cutar ta shafa ana lissafa shi a cikin ƙarar neman diyya ko bai taɓa jin labarinta ba, sai dai idan shi da kansa ya tsame kansa.

Ga misalin da zai nuna maka amfaninta, kuma abu ne da ya faru da gaske a bankunan Amurka. A ce kana da dala 100 a asusunka. Da safe ka sayi abin dala 5, da rana na dala 10, da la'asar na dala 20, da dare kuma aka cire dala 90. In an bi tsarin yadda ka kashe kuɗin, sau ɗaya ka zarce abin da kake da shi, tara ɗaya ce a kanka, a ce dala 35. Amma wasu bankuna sai suka riƙa jera cinikin yini daga babba zuwa ƙarami: a fara cire 90, saura 10, sai a cire 20 ka zarce, a cire 10 ka sake zarcewa, a cire 5 ka zarce karo na uku, tara ta zama dala 105. Na taɓa zama da wata baiwar Allah mai aikin kula da tsofaffi, ta zo da takardun asusunta na wata shida a cikin jakar leda, ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin kowace tara, tana ta ƙirgawa tana cewa lissafin bai yi daidai da yadda ta san ta kashe kuɗinta ba. Ta yi gaskiya, amma abin da aka cire mata gaba ɗaya bai kai kuɗin sa'o'i biyu na lauya ba. Ƙarar gayya ce ta sa Bank of America ya amince a 2011 zai biya dala miliyan 410 a kan wannan ɗabi'a, ita ce kuma ta sa wani alƙalin tarayya a Kalifoniya ya umarci Wells Fargo a 2010 ya mayar da dala miliyan 203. Alƙali Richard Posner ya faɗi gaskiyar lamarin a wani hukunci na 2004, inda ya ce idan aka hana ƙarar gayya ba ƙararraki miliyan 17 za a samu a madadinta ba, ko ɗaya ba za a samu ba, domin sai mahaukaci ko mai tsananin naci ne zai je kotu a kan dala 30.

Dokar tarayya da ake dogara da ita wajen tilasta wannan sharaɗi tsohuwa ce, ta 1925, kuma an yi ta ne a lokacin da 'yan kasuwa masu ƙarfi kusan ɗaya suke kukan cewa kotuna ba sa mutunta yarjejeniyar da suka ƙulla ta kai gardamarsu gaban masana sana'arsu. Daga shekarun 1980 Kotun Ƙoli ta fara faɗaɗa ta. A 1984 ta ce dokar tana aiki har a kotunan jihohi. Jihar Kalifoniya ta yi ƙoƙarin tsayawa, inda kotun ƙolinta ta yanke a 2005 cewa hana ƙarar gayya a yarjejeniyar da mai saye ba shi da ikon canza ko harafi ɗaya a cikinta zalunci ne idan kuɗin da ake magana a kai kaɗan ne. Wannan katanga ce ta rushe a 2011, a Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar kamfanin waya na AT&T da Concepcion. Mata da miji ne aka tallata musu waya kyauta, sai aka caje su harajin ciniki na dala 30 da santi 22. Alƙalai biyar daga cikin tara, ƙarƙashin alƙalamin Antonin Scalia, suka ce dokar tarayya ta rinjayi ta jiha, sharaɗin ya zauna. Stephen Breyer, a madadin huɗun da suka ƙi, ya yi tambayar da har yau ban ji an amsa ta yadda ya kamata ba: wane lauya ne mai hankali zai ɗauki shari'a saboda ladan da zai samu daga da'awar dala 30 da santi 22?

Shekara biyu bayan haka abin ya ƙara tsanani. Wani gidan abinci a Oakland mai suna Italian Colors ya zargi kamfanin katin bashi na American Express da amfani da ƙarfinsa a kasuwa wajen tilasta wa 'yan kasuwa biyan kamasho mai yawa. Sun nuna wa kotu cewa binciken masanin tattalin arzikin da ake buƙata don tabbatar da zargin zai ci ɗaruruwan dubban daloli, yana iya zarce miliyan ɗaya, alhali iyakar abin da gidan abincin zai samu ko da ya yi nasara bai kai dala 39,000 ba. Kotun Ƙoli ta ce tsadar kawo hujja ba ta nufin an hana mutum haƙƙinsa. A 2018, a shari'ar Epic Systems, aka shimfiɗa wannan tabarma har a kan ma'aikata da ke neman haƙƙin albashinsu.

Akwai alƙaluma a kan abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofar kotu. Dokar Dodd-Frank ta 2010 ta umarci hukumar kare masu hulɗa da bankuna, CFPB, ta yi nazari, ta kuma fitar da rahotonta a watan Maris na 2015. Ta gano cewa daga 2010 zuwa 2012, a harkoki shida da suka haɗa da katin bashi da asusun banki da bashin kafin albashi, gardamar da aka kai gaban babbar cibiyar raba gardama ta ƙasar ba ta wuce kimanin 600 a shekara ba, a ƙasar da miliyoyin mutane suke ƙarƙashin wannan sharaɗi. Waɗanda da'awarsu ta kasance dala 1,000 ko ƙasa da haka kuwa kusan 25 ne a shekara. A ɗaya gefen, cikin shekara biyar ƙararrakin gayya sun samar da biyan kuɗi na dala biliyan 1.1 ga mutane aƙalla miliyan 34. Sama da kashi uku cikin huɗu na masu katin bashi da aka tambaya ba su san ko akwai sharaɗin a yarjejeniyarsu ba. Hukumar ta kafa ƙa'ida a watan Yuli na 2017 wadda ba ta hana raba gardama ba, ta dai hana amfani da shi wajen toshe ƙarar gayya. Ƙa'idar ba ta kai ga fara aiki ba. A watan Oktoba na wannan shekara ƙuri'a ta tsaya 50 da 50 a Majalisar Dattawa, mataimakin shugaban ƙasa Mike Pence ya raba gardamar da tasa ƙuri'ar, Shugaba Trump kuma ya sa hannu a kan sokewar a ranar 1 ga Nuwamba.

Adalci ne in kawo hujjar ɗaya ɓangaren, domin ba duka ce ta banza ba. Suna cewa idan ka raba dala biliyan 1.1 ga mutum miliyan 34, kowa ya tashi da kusan dala 32, lauyoyi kuwa sun kwashi miliyoyi. Suna cewa shari'ar kotu tana ɗaukar shekaru, raba gardama kuwa watanni, kuma a da'awar mai saye kamfani ne yake biyan mafi yawan kuɗin zaman. Suna nuna cewa yarjejeniyar AT&T ma ta yi alkawarin biyan aƙalla dala 7,500 ga wanda mai raba gardama ya ba shi fiye da tayin ƙarshe da kamfanin ya yi masa. Na yarda cewa akwai ƙararrakin gayya da ba su amfani kowa ba sai lauyoyi, kuma na yarda cewa mutumin da yake da babbar da'awa ta kansa, a ce dala 20,000, yana iya samun biyan buƙata da sauri a gaban mai raba gardama. Inda na rabu da su shi ne wajen auna ƙarar gayya da abin da ya shiga aljihun mutum ɗaya. Dala 32 ɗin nan sau da yawa ita ce kusan abin da aka cire wa mutum tun farko, kuma babban aikin ƙarar shi ne ta hana kamfani riƙe ribar cutar, ta yadda gobe mai lissafin kamfanin zai gaya wa shugabanninsa cewa abin ba zai fitar da su ba. In da sauƙin mai saye ake nema da gaske, da an bar shi ya zaɓa bayan gardama ta taso.

Sirri ma wani nauyi ne. Abin da aka yi a kotu a rubuce yake, ɗan jarida yana karantawa, hukuma tana gani, alƙalin gobe yana ɗorawa a kai. Zaman raba gardama a ɗaki ake yin sa. Kafin a ci Wells Fargo tarar dala miliyan 185 a watan Satumba na 2016 saboda buɗe asusai da sunayen mutane ba da saninsu ba, wasu daga cikin mutanen sun riga sun je kotu, bankin kuma ya yi nasarar mayar da su gaban masu raba gardama da hujjar cewa sharaɗin da suka amince da shi a asusunsu na gaskiya ya haɗa har da asusan da ba su buɗe ba. Adadin asusan da ake zargi ya kai miliyan 3.5 daga baya. A 2024 kuma kamfanin Disney ya nemi a kai gaban mai raba gardama ƙarar wani mutum da matarsa ta rasu bayan cin abinci a wani gidan abinci da ke filin shaƙatawar kamfanin a Florida, yana kafa hujja da sharuɗɗan da mutumin ya amince da su lokacin da ya yi rajistar gwajin manhajar kallon fina-finai ta Disney+ a 2019, sai da jama'a suka yi ca a kansa sannan ya janye. Haka kuma ba a manta da 2009 ba, shekarar da babbar lauyar jihar Minnesota, Lori Swanson, ta gurfanar da cibiyar National Arbitration Forum a kan ɓoye alaƙarta da kamfanonin karɓar bashi, cibiyar ta amince ta daina sauraron gardamar masu saye. Kamfani yana zuwa gaban cibiya ɗaya sau ɗari, kai sau ɗaya za ka je a rayuwarka, kuma wannan kaɗai ya isa ya karkatar da ma'auni ko da kowa yana da niyya mai kyau.

Lauyoyin masu ƙara sun samo wata dabara, ta shigar da dubban da'awoyi ɗaya bayan ɗaya a lokaci guda, kamfani ya tarar da kuɗin rajista na miliyoyi a kansa. A 2020 alƙali William Alsup ya umarci kamfanin kai abinci na DoorDash ya shiga raba gardama da masu kai saƙonsa sama da 5,000, abin da ya jawo masa kuɗin zama na sama da dala miliyan 9, kuma a 2021 Amazon ya cire sharaɗin daga yarjejeniyar masu sayayya bayan an tara masa da'awoyi kusan 75,000. Sai dai kamfanoni da cibiyoyin sun riga sun sake ƙa'idojinsu don rage kaifin wannan dabara, kuma ba ta kai ga mutumin da bai san an cuce shi ba. Majalisa ta cire wasu fannoni daga ƙarƙashin dokar: bashin sayen gida, wasu basussukan da ake ba sojoji, sannan tun 2022 ƙorafin cin zarafi ta hanyar lalata. Ƙudurin da zai hana sharaɗin baki ɗaya ga masu saye da ma'aikata ya wuce a Majalisar Wakilai a 2019 da 2022, bai tsallake Majalisar Dattawa ba.

Yanzu ga batun hannun jarinka, kuma a nan dole ka bambanta mutum uku da kake hulɗa da su. Na farko dillali, wato kamfanin da ke bayan manhajar, wanda yake saya maka yana sayar maka. A 1953 Kotun Ƙoli ta ce ba za a tilasta wa mai zuba jari raba gardama a kan da'awar dokar hannun jari ta 1933 ba, amma a 1987 da 1989 ta juya, kuma tun daga nan kusan kowane dillali yana sa sharaɗin. Gardamarka da shi za ta je zauren FINRA, ƙungiyar da ke sa ido a kan dillalai ƙarƙashin kulawar SEC, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da kasuwar hannun jari. Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne ƙa'idojin FINRA sun hana dillali toshe ƙarar gayya. Kamfanin dillanci na Charles Schwab ya gwada a 2011, majalisar gudanarwar FINRA ta yanke a 2014 cewa ya saɓa ƙa'ida, ya biya tarar dala 500,000 ya janye sharaɗin. Na biyu shi ne mai ba da shawara kan zuba jari, wanda sau da yawa ba ya ƙarƙashin FINRA. Rahoton ma'aikatan SEC na 2023 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 61 cikin 100 na waɗanda ke hulɗa da ƙananan masu jari suna sa sharaɗin dole, kuma su suna iya zaɓar zauren da ya fi tsada.

Na uku, wanda ya fi girma, shi ne kamfanin da ka sayi hannun jarinsa. Idan shugabanninsa suka yi ƙarya a lissafinsu, farashi ya faɗi ranar da asiri ya tonu, ƙarar gayya ce hanyar mai hannun jari goma ko hamsin. Da ita masu jarin Enron, kamfanin makamashin da ya rushe kan ƙaryar lissafi, suka karɓo kimanin dala biliyan 7.2, galibi daga bankunan da suka yi hulɗa da kamfanin, da Jami'ar Kalifoniya a gaba, masu jarin kamfanin sadarwa na WorldCom kuma sama da biliyan 6. Shekaru da yawa ma'aikatan SEC ba sa gaggauta amincewa da takardun kamfanin da ke son fara sayar da hannun jari ga jama'a idan ya sa sharaɗin raba gardama na dole a kundin tsarinsa, abin da ya sa kamfanin zuba jari na Carlyle ya janye nasa a 2012. A ranar 17 ga Satumba, 2025, hukumar ƙarƙashin shugabancin Paul Atkins ta sanar cewa sharaɗin ba zai ƙara zama dalilin jinkiri ba, muddin an bayyana shi ga masu saye, kwamishina Caroline Crenshaw kuma ta ƙi amincewa. Dokar jihar Delaware, inda mafi yawan manyan kamfanoni suka yi rajista, har yanzu tana kare hanyar zuwa kotu, don haka ka duba jihar da kamfani ya yi rajista kafin ka saya. Masu goyon bayan sauyin suna cewa a irin wannan ƙara masu jarin yau ne suke biyan masu jarin jiya, kuɗi ya fita daga aljihun dama ya shiga na hagu bayan lauyoyi sun yanki rabonsu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma babban asusun fansho yana da ƙarfin ɗaukar lauya da masana ya bi haƙƙinsa shi kaɗai a ɗaki, kai da ka yi asarar dala 400 ba ka da shi, kuma amanar da ta sa baƙo daga nesa yake zuba kuɗinsa a kasuwar Amurka ta ginu ne a kan sanin cewa ƙarya tana da tsada a can. Wannan ya shafi 'yan uwanmu a Najeriya da Gana da suke sayen hannun jarin Amurka ta waya, domin yawanci asusun nasu yana hannun wani dillali ne a Amurka, kuma yarjejeniyarsa suka danna wa amincewa.

Game da wasiƙar, ka nemo sakin layin da ya yi bayanin ƙin amincewa, ka bi shi harafi da harafi, domin wasu bankuna ba sa karɓar kiran waya ko imel, sai takarda zuwa wani adireshi na musamman wanda ya bambanta da inda ake biyan bashi. Ka rubuta cikakken sunanka kamar yadda yake a katin, da adireshinka, da lambar asusun, da jimla ɗaya mai cewa ba ka amince da sharaɗin raba gardama ba, ka sa hannu da kwanan wata. Idan asusun na mutum biyu ne, ka duba ko ana buƙatar sa hannun kowannenku. Ka aika ta gidan waya ta hanyar da ake ba da shaidar isarwa, ka ajiye kwafin wasiƙar da rasit ɗin a inda kake ajiye takardun zamanka, domin ranar da za a nemi hujjar tana iya zuwa bayan shekara biyar ko goma. Ka lura ko wa'adin yana ƙirga ranar aikawa ne ko ranar isa, kuma idan kana da kati fiye da ɗaya a bankin, kowanne ka yi masa tasa wasiƙar, sai dai in takardar ta ce guda ɗaya ta wadatar.